Yadda Darasin Kyauta Ke Sayar Da Kwas: Jagora Ga Mai Koyarwa A Intanet

Mai sayar da kwas a intanet yana da matsalar da yawancin 'yan kasuwa ba su da ita: hajarsa ba ta ganuwa sai an biya. Wanda zai saya bai san ko malamin ya iya bayani ba, bai san ko darussan sun yi daidai da matsayinsa ba, kuma mai yiwuwa an taɓa karɓar kuɗinsa a wani wuri aka ba shi abin da bai tsinana masa komai ba. Duk yabon da za ka yi wa kwas ɗinka a cikin talla, a wurinsa ji ne kawai. Darasin kyauta shi ne gani, gani kuwa ya kori ji.

Sai dai akwai kyautar da ke jawo ɗalibi, akwai kuma wadda ke korarsa har abada. Abin da ya raba su guda ne, kuma a kansa na gina wannan jagora: darasin kyauta dole ya zama darasi na gaske, wanda ya ɗauko matsala ɗaya ƙarama ya warware ta har ƙarshe, ɗalibi ya tashi da wani abu da ya yi da hannunsa. In talla ne ka lulluɓe da sunan darasi, mutane za su gane tun kafin a yi nisa, kuma ba za su dawo ba.

Mataki na farko: ka san abin da kake sayarwa

Kafin ka yi tunanin abin da za ka bayar kyauta, zauna ka rubuta jimla ɗaya da ta faɗi wanda kwas ɗin yake domin shi, inda zai same shi, da inda zai kai shi. A ce kana koyar da Excel, manhajar haɗa jadawali da lissafi a kwamfuta. "Kwas ɗin Excel daga farko har ƙarshe" bai faɗi komai ba. Amma in ka ce, "Wannan kwas na mai ƙaramar sana'a ne da ke rubuta cinikinsa a littafi, zai kai shi inda zai riƙa fitar da rahoton riba da asara na wata da kansa," to ka zana hanya, ka san farkonta, ka san ƙarshenta. Darasin kyauta shi ne taku na farko a kan wannan hanyar, ba wata hanya daban ba.

A nan tsoro yakan shigo. Malamai da yawa suna cewa, in na bayar da ilimin kyauta, wa zai biya? Wannan tsoron ya ɗauka cewa ilimi ne ke ƙaranci a intanet, alhali ba haka ba ne. Tun a 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da cewa za ta zuba kayan darussanta a intanet kyauta, ta kuma yi, amma har yau mutane na gasar neman gurbin karatu a cikinta. YouTube cike yake da darussan Excel, da na tace bidiyo, da na kowane harshe da mutum ke son koya. Abin da ke ƙaranci shi ne gamawa. Wani bincike da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa a mujallar Science a 2019 ya duba kwasa-kwasan MIT da Harvard a edX, wani dandalin kwasa-kwasan intanet, ya gano cewa a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. A cikin waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida kuwa, kashi 46 ne suka kammala. Ba za a ce biyan kuɗin shi kaɗai ya sa suka gama ba, domin wanda ya ciro kuɗinsa dama da niyya ya zo. Amma alƙaluman sun nuna inda giɓin yake: mutane na fara koyo da yawa, kaɗan ke kaiwa ƙarshe.

Don haka abin da ɗalibi ke biya a kwas mai kyau shi ne tsari, wato a ce masa yi wannan kafin wancan. Da gyara, wato wani ya duba aikinsa ya nuna masa inda ya karkace. Da wurin yin tambaya a ba shi amsa. Da abokan tafiya da wa'adin da za su hana shi ajiyewa. In kwas ɗinka tarin bidiyo ne kawai, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to tsoronka yana da hujja, kuma gyaran kwas ɗin ya kamata ka fara yi kafin ka tallata shi.

Mataki na biyu: zaɓen matsalar da za ka warware

Wannan matakin ya fi kowanne nauyi, kuma a nan na fi so ka daɗe. Matsalar da ta dace da darasin kyauta ita ce wadda mutum ke fama da ita yau, wadda za a gama da ita a zama ɗaya, kuma sakamakonta yana ganuwa da ido. Sannan, in an warware ta, sai wata tambaya ta taso da kanta, wadda amsarta ke cikin kwas ɗin kuɗi.

Mu koma ga mai koyar da Excel. Darasinsa na kyauta zai iya zama haɗa jadawalin shiga da fitar kuɗi wanda ke lissafa kansa. Ɗalibi ya buɗe shafi fari fat. Ya rubuta kanun layuka huɗu a sama: kwanan wata, bayani, shiga, fita. Ya shigar da cinikin kwana uku daga littafinsa. Sai malam ya nuna masa gidan da zai rubuta fomular SUM, wato umarnin haɗa jimla, a ƙasan layin shiga, ya maimaita a layin fita, ya ɗebe jimlar fita daga ta shiga. Sannan malam ya ce masa ya koma sama ya canja lamba ɗaya. Yana canjawa, jimlar ƙasa ta canja da kanta, bai taɓa kalkuleta ba. Wannan ɗan lokacin, da mutum ya ga lamba ta motsa saboda abin da shi ya rubuta, shi ke sayar da kwas. Kuma bayan kwana biyu tambaya za ta zo masa ba tare da kowa ya cusa masa ba: to ta yaya zan ware kowane wata daban, ta yaya zan san kayan da suka fi kawo riba, ina zan sa bashin da ake bina da wanda nake bi? Ga kwas ɗin nan yana jira.

Kwatanta wannan da abin da aka fi yi, wato ciro darasin farko na kwas a sake shi kyauta. Darasin farko yawanci gabatarwa ce: mene ne Excel, me ya sa yake da muhimmanci, ga sunayen maɓallai. Mutum zai kalla ya tashi hannu wofi, sai ya ɗauka duk kwas ɗin haka yake. Akwai kuma masu ciro abin da ya fi burgewa daga can tsakiyar kwas, su nuna rahoto mai launuka da zane-zane. Mai kallo zai yaba, amma zai ce a ransa wannan ya fi ƙarfina, ya wuce. Burgewa daban, koyarwa daban.

Ta ina za ka gano matsalar? Kada ka zauna ka ƙirƙiro ta daga kanka. Duba tambayoyin da mutane ke yawan yi maka, ka rubuta su da kalmomin da suka yi amfani da su, ba da naka na gwanaye ba. Shiga akwatin bincike na YouTube ka fara rubuta sunan fanninka, ka ga abin da yake ƙarasa maka, domin daga abin da mutane ke nema yake ɗaukowa. Sannan ka leƙa kwasa-kwasan da suka yi kama da naka a dandalin sayar da kwasa-kwasai irin Udemy, ka karanta ƙorafin waɗanda suka ba da tauraro biyu ko uku. A nan za ka ga mutane suna faɗin inda suka maƙale, da inda malami ya yi sauri, da abin da suka zo nema ba su samu ba. Tambayar da ta fi maimaituwa, wadda kuma ke kusa da farkon hanya, ita ce darasinka.

Ka guji kyautar da ba ta da alaƙa da kwas ɗin. Rabon data ko gasar cin waya na tara jama'a da sauri, amma jama'ar da suka zo don data ne, ba don koyo ba. Gara mutum hamsin da suka zo saboda littafin cinikinsu ya rikice, da dubu biyar da suka zo jiran rabo.

Mataki na uku: siffar da darasin zai ɗauka

Nan ba sai an daɗe ba. Ka zaɓi siffar da ta yi kama da kwas ɗin kuɗi, domin kana so mutum ya ga yadda zama ajinka yake. In kwas ɗin bidiyo ne, kyautar ta zama bidiyo, tare da samfurin da za a sauke a yi aiki a kansa. In aji ne na kai-tsaye, ka yi zama ɗaya na kai-tsaye, ka tuna cewa Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40 kuma mutum 100 yake ɗauka. In fannin na buƙatar maimaici, kamar koyon harshe ko zane, ƙaramin shiri na kwana uku zuwa biyar ya fi dacewa, kowace rana da ɗan aikinta.

Yana da kyau ka yi hawa biyu. Hawa na farko gajerun bidiyoyi ne a fili, a YouTube, Facebook, TikTok ko Instagram, kowanne yana amsa tambaya ɗaya ƙarama, ba rajista ba komai. Aikinsu su sa wanda bai san ka ba ya san ka. Hawa na biyu shi ne cikakken darasin, wanda sai mutum ya ba da imel ko lambar waya zai samu. In a Udemy kake son sa kyautar, ka sani cewa tun 2020 kwas na kyauta a can ba ya kai awa biyu na bidiyo, ba a ba da takardar shaida a kansa, kuma dandalin ba ya ba malami imel ɗin ɗalibai. Tallan wasu kayanka ma a darasin ƙari na ƙarshe kawai aka yarda ka yi.

Mataki na huɗu: haɗa darasin

Fara da sakamako. A cikin daƙiƙa talatin na farko, nuna jadawalin da aka gama yana aiki, ka ce, "Nan da minti ashirin kai ma za ka haɗa irin wannan, ka ɗauko littafin cinikinka." Doguwar gaisuwa, da tarihin rayuwarka, da roƙon a danna maɓallin bibiya, duk su jira. Wanda ya zo da matsala yana so ya tabbata ya zo wurin da ya dace, kuma yatsansa na kan waya, a shirye yake ya wuce.

Sauti ya fi hoto muhimmanci. Mutane za su haƙura da hoton da bai fita tas ba, amma ba za su zauna minti ashirin suna kokawa da murya mai amsa-kuwwa ba. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga da ɗaki marar hayaniya sun isa. In fuskar kwamfuta kake nunawa, ka ƙara girman rubutu sosai, domin da yawa a waya za su kalla, fomular da kake gani ɓaro-ɓaro a kwamfutarka kuwa a wayarsu ɗigo ce. Bayan ka gama ɗauka, ka kalli bidiyon a wayarka kafin kowa ya gani.

Ka koyar kamar an biya ka. Kada ka ɓoye mataki ɗaya da gangan don a zo a saya, irin a kai mutum bakin ƙarshe a ce sauran yana cikin kwas. Wanda aka yi wa haka ya ɓata lokacinsa da datarsa, ya tashi da haushi, kuma da haushin zai riƙa tuna sunanka. Ka nuna har kurakuran da aka saba yi: in ya ga alamomin da bai gane ba sun cika gidan lissafi, wataƙila layin ne ya yi ƙunci, ya faɗaɗa shi, in jimla ta ƙi fitowa daidai, ya duba ko ya haɗa harafi da lamba a gida ɗaya. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke nuna cewa ka daɗe kana zama da masu koyo, kuma su ke sa mutum ya ji yana hannun wanda ya san hanya.

Ka tsaya a tsakiya ka ba da aiki. Ka ce a dakatar da bidiyon, a shigar da cinikin jiya, a dawo. A ƙarshe kuma ka nemi a turo maka hoton abin da aka haɗa. Wanda ya kalla kawai mai kallo ne. Wanda ya yi aikin ya turo ya riga ya zama ɗalibinka, saura rajista.

Game da ambaton kwas ɗin kuɗi, ra'ayina shi ne kada ka ɓoye shi, kada kuma ka cika kunnen mutane da shi. Sau biyu ya wadatar. A farko ka faɗa a jimla ɗaya: "Ina da cikakken kwas a kan wannan, zan yi bayaninsa a ƙarshe, amma darasin yau cikakke ne ko ba ka shiga ba." A ƙarshe, bayan ɗalibi ya ga aikinsa ya yi, ka ɗauki minti biyu ka ce ga abin da ka iya yanzu, ga abin da ya rage, ga yadda kwas ɗin ke bi da shi, ga inda za ka duba. Azuzuwan kai-tsaye da ake yin minti goma na koyarwa da minti talatin na talla sun ɓata sunan wannan hanya, har wasu na jin an ce aji kyauta sai su ɗaure fuska. Kada ka ƙara musu hujja.

Mataki na biyar: hanyar da za ka sake samun ɗalibin

Mutane kaɗan ne ke saye a ranar da suka fara ganinka. Wani sai ƙarshen wata, wani sai ya yi shawara, wani sai matsalar ta sake cizonsa. In ba ka da hanyar sake yi masa magana, ka bar lamarin a hannun manhajar sada zumunta, ita kuwa ita ke zaɓar wanda za ta nuna wa abin da ka wallafa, ko da mabiyinka ne. Shi ya sa cikakken darasin yake bayan rajista.

Fom ɗin rajistar ya zama gajere: suna, da imel ko lambar waya. In za ka ƙara, ƙara tambaya ɗaya, "Mene ne ya fi ba ka wahala a wannan fanni?", domin amsoshin za su yi maka amfani nan gaba. Ka rubuta a fili cewa bayan darasin za ka riƙa turo saƙonni game da kwas ɗin, kuma mutum na iya fita duk lokacin da ya so. Wannan ladabi ne, a wurare da yawa kuma doka ce. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki a watan Mayun 2018, da dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003, duk sun tanadi haƙƙin mutum ya dakatar da saƙonnin talla. Tun 2024 kuma Gmail ya wajabta wa masu tura saƙo 5,000 ko fiye a rana su sa hanyar fita ta dannawa ɗaya, su kuma riƙe ƙorafin masu karɓa ƙasa da kashi 0.3 cikin 100. Ko ba ka kai wannan adadi ba, bin ƙa'idar zai taimaka wa saƙonka ya kauce wa akwatin tarkace.

In ta WhatsApp za ka bi, ka san iyakokinsa. Jerin tura saƙon bai-ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya adana lambarka saƙon ke isa gare shi, don haka ka roƙi a adana tun a wurin rajista. Zaure, wato group, yana ɗaukar mutum 1,024, amma masu talla na iya kutsowa su bi mambobinka ɗaya bayan ɗaya, don haka sai da sa ido. Tashar WhatsApp tana ɓoye lambobin mabiya, sai dai ba a hira a cikinta. Zauren Telegram kuwa na kai mutum 200,000. Ko wanne ka zaɓa, kada ka jefa mutum cikin zaure ba da izininsa ba, kada kuma ka sayi jerin lambobi a hannun kowa.

Mataki na shida: kwanakin da ke tsakanin kyauta da tayi

Saƙon farko ya tafi nan take, ɗauke da darasin, ba tare da wani dogon zance ba. Kashegari ka tambaya ko an gwada, a ina aka maƙale. Ka amsa duk wanda ya amsa, da kanka, da sunansa. Aiki ne mai cin lokaci, amma a farkon tafiya babu abin da ya kai shi, domin a nan mutum ke ganin irin kulawar da zai samu in ya biya, kai kuma a nan kake jin ainihin kalmomin da za ka rubuta shafin tallanka da su.

Bayan haka ka turo ƙarin abu ɗaya mai amfani, misali gyaran kuskuren da ka ga ya fi yawa a hotunan da aka turo maka. Sannan ka nuna aikin wani ɗalibi na baya, da izininsa, yadda littafinsa yake da yadda rahotonsa ya koma. Sai tayin kansa. Daga nan saƙo ɗaya da ke amsa shakkun da ka ji a bakin mutane: ba ni da kwamfuta, waya za ta yi? Awa nawa nake buƙata a mako? In na makara fa? Saƙo biyar ko shida cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa. Kowannensu ya zama yana da abin ƙaruwa ko ga wanda ba zai saya ba.

Mataki na bakwai: tayin

Shafin kwas ɗin ya faɗi wanda aka yi shi domin shi, abin da zai iya yi in ya gama, jerin darussa, tsawon lokaci, yadda ake gyaran aiki, da farashi a rubuce. Cewa a zo ta bayan fage a ji farashi yana sa mutum zargin za a auna aljihunsa ne kafin a faɗa masa. Ka kuma faɗi wanda kwas ɗin bai dace da shi ba. In wani ya riga ya iya haɗa rahoton wata, gaya masa wannan ba nasa ba ne. Za ka rasa ciniki ɗaya, ka tsira daga ɗalibin da zai yi nadama ya kuma faɗa wa wasu.

Ka bayyana sharaɗin mayar da kuɗi. Udemy na ba da kwana 30, kuma masu saye da yawa sun saba da irin wannan. Wanda ya san yana da mafita ya fi saurin shiga.

Abu biyu nake roƙonka ka nisanta. Na farko shaidar ƙarya: yabon da ka rubuta da kanka ka liƙa wa sunan wani, ko hoton kuɗin da aka ce ɗalibi ya samu alhali bai samu ba. A Amurka hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta kafa ƙa'idar da ta haramta irin wannan tun Oktoban 2024, amma ko babu hukuma, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk amanar da darasin kyauta ya gina a nan take rushewa. Na biyu wa'adin ƙarya, irin agogon da ke cewa saura awa biyu rangwame ya ƙare, gobe ka dawo ka tarar ya sake farawa. In za ka sa wa'adi, ya zama yana da dalili: aji zai fara ranar kaza, ko mutum talatin kawai kake iya duba aikinsu a zango ɗaya. In ranar ta yi, ka rufe da gaske.

Ka lura da inda kake tura mutane su biya. A Udemy, in ɗalibi ya saya ta mahaɗinka, wato link ɗin da kai ka raba, ko lambar rangwamenka, kashi 97 na cinikin naka ne. In dandalin ne ya kawo shi, kashi 37 kake samu. Wanda ka sha wahalar jawowa da darasin kyauta, ka tabbata ta mahaɗinka ya shiga. Dandali irin Teachable ko Thinkific kuwa kai ke riƙe da farashi da bayanan ɗalibai, amma kai ke nemo kowane mai saye.

Mataki na takwas: ka auna, ka gyara wuri ɗaya

Lambobi huɗu za ka riƙa rubutawa: waɗanda suka ga shafin rajista, waɗanda suka yi rajista, waɗanda suka gama darasin, da waɗanda suka saya. Inda adadi ya faɗi warwas, nan ciwon yake. A ce, don misali kawai, mutum 1,000 sun ga shafin, 30 suka yi rajista: alkawarin da ke kan shafin bai taɓa damuwarsu ba, ko kuma ba mutanen da suka dace kake kaiwa wurin ba. In 300 sun yi rajista amma 20 suka gama, darasin ya yi tsawo ko ya yi nauyi. Buɗe YouTube Studio, sashen da mai bidiyo ke ganin alƙalumansa, ka duba zanen da ke nuna inda masu kallo ke ficewa, ka je daidai wannan mintin ka ga me ka yi a wurin. In kuwa da yawa sun gama, sun turo aiki, sun yi godiya, amma ba su saya ba, to ko dai kyautar ta warware musu duk abin da suke buƙata, ko kwas ɗin ba shi ne taku na gaba a idonsu ba, ko farashi da hanyar biya sun tare su.

Kada ka dogara da adadin waɗanda aka ce sun buɗe imel. Tun 2021 manhajar imel ta Apple ke iya buɗe hotunan saƙo da kanta don kare sirrin mai waya, sai lissafi ya nuna an buɗe ko da mutum bai duba ba. Danna mahaɗi da amsa saƙo sun fi faɗin gaskiya. Kuma in za ka gyara, canja abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Waɗanda ba su saya ba su ne mafi yawa, kuma ba asara ba ne. Bayan an rufe rajista, tura musu tambaya ɗaya tak: "Me ya hana ka shiga a wannan karon?" Kada ka haɗa da wani tayi. Amsoshin za su kasu: masu cewa kuɗi, masu cewa lokaci, masu cewa ba su tabbata za su iya ba. Masu maganar kuɗi wataƙila biya kashi biyu zai isar musu. Masu maganar lokaci a sanar da su ranar zango na gaba tun da wuri. Masu shakkar kansu kuwa suna gaya maka cewa akwai wani taku kafin wanda ka ɗauka na farko ne, kuma shi ne darasin kyauta na gaba da za ka haɗa. Ka ci gaba da turo musu abu mai amfani ko sau biyu a wata, ka cire waɗanda suka yi wata shida ba su taɓa danna komai ba, sannan duk lokacin da manhajar da kake koyarwa ta canja fuska, ka sake ɗaukar darasin kyautar kafin ka buɗe sabon zango.